SAI BANGO YA TSAGE: Abin Da Ke Dara Tsofaffin Gidajen Bauchi A Gefen Taga

Daga Wakilinmu, Bauchi

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, da ƙadangare ne kaɗai ke shiga, da abin ya zo da sauƙi. Ruwan sama yana shiga, gara tana bi, kunama ta sami ɗaki ba haya, sa'an nan in aka yi sakaci, wata rana cikin marka bangon ya kwanta a kan masu barci. Ba damina da za ta wuce a ƙasar Bauchi ba a ji labarin gidan da ya rufta ba, kuma sau da yawa in aka bi diddigi sai a tarar bangon ya daɗe yana ba da sanarwa, ba wanda ya kula.

Duk wanda ya zaga unguwannin cikin gari irin su Jahun da Nasarawa da Kobi, ko ya leƙa tsohuwar Bariki da gidajen Lokos, zai lura da abu guda. Tsagar bango ba ta cika fitowa a tsakiyar bango lafiyayye ba. Daga kusurwar taga take tasowa, ko daga saman ƙofa, ko kuwa daidai inda wani sashe na ginin ya turo ƙirji waje, kamar taga mai fitowa, ko baranda, ko shagon da aka liƙa a gaban gida daga baya. Wannan ba haɗuwar sa'a ba ce. Akwai dalili, kuma mai gida da ɗan haya duka ya kamata su san shi.

TSOHON GIDA IRI UKU NE

In an ce tsohon gida a Bauchi, ana nufin ɗaya daga cikin iri uku. Na farko shi ne ginin ƙasa na cikin ganuwa, irin wanda aka gada tun daga zamanin da Malam Yakubu ya kafa garin a shekarar 1809, watau ginin tubali da rufin azara, da zaure da soro. Na biyu shi ne ginin da ya zo bayan Turawa sun ci garin a 1902, gidajen ma'aikata na dutse da jan bulo masu faffaɗar baranda, da waɗanda suka biyo bayan isowar jirgin ƙasa a 1961. Na uku, wanda kuma ya fi yawa, shi ne ginin bulo da siminti da ya ɓarke bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi a watan Fabrairu na 1976, lokacin da ma'aikata suka kwararo sabon babban birni, kowa yana neman wurin sa haƙarƙari.

Waɗannan gidaje na uku, da na Lokos da aka gina zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari tsakanin 1979 da 1983, yanzu duk sun haura shekara arba'in. An gina da yawansu cikin gaggawa. Dattawa za su tuna da rikicin siminti na 1975, sa'ad da ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko wata da watanni, har simintin wasu ya daskare kafin a sauke shi. Kamfanin siminti na Ashaka, wanda a lokacin yana cikin Jihar Bauchi kafin a yanke Gombe a 1996, bai fara fitar da kaya ba sai 1979. Saboda haka gidan da aka gina a tsakanin nan yana iya zama an yi masa tsimin siminti, ko an sa masa wanda ya kwana biyu.

DON ME SAI A GEFEN TAGA?

Je kasuwar Wunti ka dubi mai sayar da yadi. In zai yanka maka, sai ya ɗan ɓalli bakin yadin da almakashi, sa'an nan ya ja da hannu, yadin ya yage tun daga wannan 'yar ɓallar har ƙarshe. Haka taga take a jikin bango. Bango yana ɗauke da nauyin rufi yana sauke shi ƙasa. Inda aka huda taga, nauyin ba shi da hanya, dole ya kauce ya bi gefe da gefe, sai ya taru a kusurwoyin nan huɗu. Da zarar wani abu ya motsa ginin, ko ƙasa ce ta lotsa ko zafi ne ya miƙa kankare, kusurwar taga ce wurin da zai fara yagewa.

Ita kuwa taga mai turo ƙirji waje, nata laifin ya ninka. Da fari dai yawancinta gilashi ne da firam, ginin da ke riƙe da ita kaɗan ne. Na biyu, ba ta da nauyi kamar uwar ɗaki, don haka magina kan raina ta, su yi mata harsashi marar zurfi. Na uku, ta fuskanci rana da ruwa ta ɓangare uku. Sai ya zama gida ɗaya yana tsaye a kan harsashi biyu, ɗaya mai zurfi ɗaya a sama-sama, kowanne yana motsi gwargwadon nasa. Inda suka haɗu nan ne za a ga tsaga ta miƙe daga ƙasa zuwa sama, sau da yawa ta fi faɗi a can sama, alamar sashen da ya fito yana sunkuyawa waje yana rabuwa da uwarsa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Ingila, inda irin wannan taga ta yi yawa a gidajen da aka gina zamanin Sarauniya Biktoriya, farin da aka yi a 1976 ya busar da laka ƙarƙashin dubban gidaje, kuma tagogin nan masu fitowa suna cikin sassan da suka fi darewa, saboda harsashinsu bai kai na sauran gidan zurfi ba. A nan Bauchi, abin da ya sami tagar Bature shi ne ke samun barandarmu, da ɗan shagon gaban gida, da banɗakin da aka manna a bayan ɗaki.

ƘASAR DA GIDAN KE KAI

Allah ya hore wa Bauchi dutse. Garin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai ƙarfin gaske, har ma cikin shekarun 1960 Farfesa Oyawoye, masanin duwatsu na Jami'ar Ibadan, ya raɗa wa wani nau'in dutse da ake samu a kewayen garin sunan Bauchi. Gidan da ya zauna a kan fa ba ya lotsawa. Amma fa dutsen ba a shimfiɗe yake kamar tabarma ba. A nan yana leƙowa sama, taku goma gaba kuwa sai an haƙa gaba biyu ba a same shi ba. Gidan da rabinsa ke kan dutse rabi a kan ƙasa mai laushi, kamar mutum ne da ya taka ƙafa ɗaya a kan dakali ɗaya a cikin taɓo.

Sai kuma laka. A wuraren da suke kwari ko fadama, ƙasa takan kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe. Sunan unguwa kamar Fadamar Mada ma ya isa ya tuna wa mutum yadda wurin yake kafin gidaje su rufe shi. Bauchi tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, watau wajen inci 40, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Satumba yake zuba. Daga nan sai wata shida ko bakwai na rani. Ke nan kowace shekara laka tana ɗaga gida da damina, ta sauke shi da rani. Ƙasar da ke ƙarƙashin tsakiyar gida tana cikin inuwa, ba ta cika sauyawa ba. Ta gefe ce ke shan wahala, kuma sashen da ya fito waje shi ne ya fi kowa zama a gefe. Shi ya sa wata tsagar takan buɗe baki a watan Maris, ta rufe a watan Agusta, mai gida ya ce ta warke, alhali kuwa numfashi kawai take yi.

Akwai kuma kududdufi. Kowane tsohon garin Hausa yana da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu. Da gari ya cika, sai aka riƙa cike su da shara da ɓaraguzai ana yanka filaye. Shara kuwa ruɓewa take yi, tana raguwa shekara da shekaru. Haka tsohuwar rijiya da tsohuwar shadda da aka binne aka manta. Wanda zai sayi gida a cikin gari, kafin ya tambayi dillali, ya tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da.

RUWA, BABBAN ABOKIN GABA

Bari mu yi ɗan lissafi. Rufin gida mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, in ruwan shekara ya kai milimita 1,000, zai tara lita 100,000. Wannan daidai yake da duro 500 na lita 200. In babu indararo mai tsawo, babu kwata, duk wannan ruwa a gindin bango zai sauka. Ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, yashin ƙarƙashin harsashi ya zurare, kusurwa ta nutse.

Ruwan sama ma yana da lokaci. Wanda ya fi shi ɓarna shi ne ruwan da ba ya yankewa: famfon da ke ɗiga a ƙarƙashin ƙasa, ramin bahaya da aka haƙa dab da bango, wurin alwala da wanke-wanke a gindin taga, da ruwan na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗisa a wuri ɗaya dare da rana. Wani lokaci kuma laifin daga waje yake. In aka yi wa unguwa sabon titi aka ɗaga shi sama da daɓen gidaje, ko maƙwabci ya cike filinsa ya toshe hanyar ruwa, gidan da ya shekara hamsin lafiya sai ya fara darewa cikin damina biyu.

ITATUWA

Ba wanda zai ƙi inuwa a garin da zafin bazara ke kusantar digiri 40. Amma dogon yaro, wanda aka shigo da shi ƙasar Barno a 1928 ya bazu ko'ina a Arewa, da mangwaro da malaina da itacen turare, duk mashaya ruwa ne. Da rani saiwoyinsu kan bi danshi har ƙarƙashin gida, su tsotse lakar gefe ɗaya ta tsuke, gefen ya sauka. Ƙa'idar da masana gini ke bayarwa a ƙasar laka ita ce, tazarar itace da bango kada ta gaza tsawon da itacen zai kai in ya girma.

Sai dai a yi hattara. In itacen ya riga ya tsufa tare da gidan, sare shi rana ɗaya yana iya jawo wata sabuwar ɓarna, domin lakar da ya shekara yana busarwa za ta koma ta sha ruwa ta kumbura, ta tura harsashi sama. Gara a riƙa rage masa rassa a kai a kai, a nemi shawara kafin a sa gatari.

ZAFIN RANA DA SANYIN HUNTURU

Kankare yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Kankaren da ya kai mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 30, zai motsa kimanin milimita 3. Abin kamar ba yawa, amma bulo ba roba ba ne. A lokacin hunturu, rufin kankare da rumfar saman taga sukan gasu da rana su huce da dare, kullum, shekara da shekaru, bangon da ke ƙarƙashinsu kuwa yana cikin inuwa. Sakamakon haka shi ne tsagar nan da ke kwanciya a miƙe dab da ƙarƙashin rufi, ko wadda ke fitowa a ƙarshen linta.

Shi ma bulon yana da nasa. Bulon siminti yana tsukewa sa'ad da yake bushewa, kuma siminti yana bukatar wajen kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. In aka buga bulo yau aka hau gini da shi jibi, ba a ba shi ruwa yadda ya kamata ba, to a jikin bango zai ƙarasa tsukewarsa, ya yage a ƙasan taga inda bangon ya fi gajarta. Balle kuma bulon da aka yi wa rowar siminti, wanda in ka murza da yatsa yashi ke zuba. Araha dai ba ta ado.

LINTA, RODI DA GARA

Abin da ke ɗauke da bangon saman taga shi ne linta. A ginin bulo, kankare ne da rodi a ciki, kuma ya kamata kowane gefe ya hau bango da aƙalla inci 6. In ya gaza haka, nauyin yakan murƙushe bakin bulon, tsaga ta tashi a karkace daga kusurwar sama. In kuwa kankaren da ya lulluɓe rodin bai kai kauri ba, danshi yakan kai ga ƙarfen ya yi tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, saboda haka sai ta fasa kankaren daga ciki. Alamarta ita ce tsaga a miƙe a bisa layin rodin, da jan ruwa yana zubowa, daga baya ɓawon kankare ya riƙa faɗowa. Haka ƙarafan tsaron taga da aka dasa a cikin bango suke yi, shi ya sa ake ganin 'yan tsage-tsage kewaye da kowace ƙafar ƙarfe.

A gidajen zamanin Turawa da na ƙasa, sau da yawa katako ne ko itace a saman taga. Azarar giginya ta gaske gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa magabata suka zaɓe ta, ba su kuma yarda su tsallaka da ita fiye da wajen ƙafa shida ba tare da tokari ba. Amma inda aka sa katakon banza, gara takan cinye cikinsa ta bar ɓawo. Bangon sama sai ya zauna a kan firam ɗin taga, a ga tsaga biyu sun tashi daga kusurwoyi sun haɗe a sama kamar dala.

HANNUN MAI GYARA

Wani abin takaici shi ne, da yawan tsagar da ake gani a yau gyara ne ya haife ta. An cire tsohuwar tagar katako ko ta ƙarfe mai kauri, wadda ashe tana taya bango ɗaukar kaya, an sa ta alminiyam mai zamewa wadda ba ta iya ɗaukar komai. An faɗaɗa taga ba a sake linta ba. An fasa bangon zaure an fitar da shago biyu saboda kuɗin haya. An ɗora bene a kan harsashin da aka yi domin gida na ƙasa. An ɗora tankin ruwa na lita 2,000, watau nauyin tan biyu, a kan rufin baranda.

A ginin ƙasa kuwa, babbar cutar ita ce fulastar siminti. Ƙasa da siminti ba sa riƙe juna, ba sa motsi tare. Simintin yakan tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita, bangon ya riƙa narkewa a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi. Magina na da sun san ginin ƙasa numfashi yake yi. Suna yi masa yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, su shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, su daɓe rufi da laso, su fitar da indararo nesa da bango, su yi wa gindinsa kauri ya riƙa sirancewa zuwa sama. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, a arewa da Bauchi, wanda ake danganta gininsa da Babban Gwani, maginin nan da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ginin ƙasa ne tun ƙarni na 19, yana kuma cikin kayan tarihin da Gwamnatin Tarayya ta keɓe. Ƙasa ba ta gaza ba, kula ce ta ragu.

YADDA AKE KARANTA TSAGA

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Cibiyar binciken gini ta Ingila ta kasa tsagar bango gwargwadon faɗinta, kuma injiniyoyi a ƙasashe da yawa suna aiki da wannan ma'auni. Ga shi a taƙaice, da abin da za a gwada a gida.

Wadda ba ta wuce milimita 1 ba, kamar silin gashi ko zare, musamman mai kama da saƙar gizo-gizo a fuskar fulasta, ta fulasta ce kawai. A cike, a yi fenti.

Wadda ta kai har milimita 5, watau tsinken ashana yana shiga, ana iya cike ta, amma a sa mata ido, a kuma toshe ta daga waje don kada ruwa ya shiga.

Daga milimita 5 zuwa 15, inda fensir zai shige, taga da ƙofa sun fara cijewa, wannan ta wuce aikin mai fenti. A kira masani.

Daga milimita 15 zuwa 25, yatsa yana shiga, bango ya fara karkata ko ya yi ciki. Sai an rushe wani sashe an sake.

Abin da ya haura milimita 25, watau inci guda, ginin yana cikin haɗari. A kwashe iyali daga ɗakin tukuna, sa'an nan a yi maganar gyara.

Ban da faɗi, a duba waɗannan. Shin tsagar ta ratsa bangon, ana ganinta ciki da waje? Shin tana hawa kamar matakala tana bin layin bulo? Shin gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu in an shafa da hannu? Shin daɓe ya rabu da bango? Kowace amsar i tana nuna harsashi ne ke motsi, ba fulasta ba.

Sa'an nan a gane ko tana da rai ko ta mutu. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata a jikin bangon. A auna faɗinta a wuri ɗaya kowane wata, ko a liƙa ɗan siririn gilashi a gicciye da siminti, in ya fashe an san tana tafiya. A bi ta rani guda da damina guda. Wadda ke buɗewa tana rufewa, laka ce ko itace. Wadda ke ƙaruwa ba ta komawa, ruwa ne ke cin ƙasa ko cikon rami ne ke sauka. Wadda ta ƙaru a cikin 'yan kwanaki kuwa, ko ake jin ƙasa tana zubowa daga cikinta da dare, ba a jira da ita.

MAGANI

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kira birkila ya cusa siminti a baki ya shafe. Wannan rufe ciwo ne da tsumma. In dalilin yana nan, kafin shekara ta zagayo tsagar za ta dawo, ko ta ɓullo a gefenta.

A fara da ruwa, domin shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi yawan laifi. A gyara indararo da bututu, a yashe kwata, a toshe famfon da ke ɗiga, a kawar da wurin wanki daga gindin bango, a yi daɓe mai gangara kewaye da gida, faɗin mita guda, yadda ruwa zai gudu waje. Gidaje da yawa da wannan kaɗai motsinsu ke tsayawa. Bayan an tabbata tsagar ta tsaya, sa'an nan a buɗe ta a cike, ginin ƙasa da ƙasa, ginin bulo da kwaɓin da bai fi bulon ƙarfi ba.

In linta ce ta gaza, a tokare bangon sama da rufi kafin a taɓa ta. In harsashin sashen da ya fito ne ya gaza zurfi, ana iya ƙara masa ƙafa daga ƙasa, amma gaɓa-gaɓa ake yi, kimanin mita guda a lokaci ɗaya, ana tsallake na kusa har wanda aka zuba ya kama. Wanda ya haƙe gindin bango gaba ɗaya, kabari ya haƙa wa leburorinsa. Wannan aiki ne na injiniya mai rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970. Bauchi kuwa ba ta rasa masana ba, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, dukkansu suna koyar da aikin gini. Kuma duk wanda zai fasa bango ya fitar da shago, ko ya ɗora bene, ya kai zanensa Hukumar Raya Birane ta Jiha a duba tukuna.

Ga mai sabon gini, tun ran gini tun ran zane. Baranda da taga mai fitowa a haƙa musu harsashi daidai zurfin na uwar ɗaki, a zuba su tare. A ƙasar laka kada a gaza mita guda, kuma a bi shawarar wanda ya auna ƙasar. In ƙari ne ake yi a jikin tsohon gida, gara a bar tsaga ta gangan a tsakaninsu a cike ta da abu mai laushi, kowanne ya yi motsinsa ba tare da ya yagi ɗan'uwansa ba.

KIRA GA JAMA'A

Yawancin tsofaffin gidajen cikin gari gidajen gado ne. Magada goma, kowa yana jiran wani ya fitar da kuɗin gyara, waɗanda ke kwana a ciki kuwa tsofaffi ne da mata da yara. Na haya kuma, mai gida yana cewa sai an biya, ɗan haya yana cewa sai an gyara, bango kuwa ba ya jiran a gama shari'a. Ya kamata masu unguwanni da limamai su sa baki a irin wannan tun da rani, lokacin da gyara yake da sauƙi, kada a bari sai hadari ya haɗu a gabas.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mai karatu, in ka ajiye jaridar nan, ɗauki fensir ka zaga gidanka ciki da waje, ka duba kusurwar kowace taga da inda baranda ta haɗu da ɗaki. Abin da ka gani ka sa masa alama da kwanan wata. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya, amin.